Pablo Picasso: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Rayuwarsa da Zanensa

Sunan Picasso ya fi zanensa yawo. Mutane da yawa sun ga hoto ɗaya ko biyu a waya, fuska mai hanci a gefe da idanu biyu a kumatu ɗaya, sun kuma ji an sayar da irinsa a kan kuɗin da zai gina asibiti. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi fitowa daga bakin wanda ya fara cin karo da shi. Amsoshin sun ƙunshi abin yabo da abin zargi, domin duka biyun suna cikin tarihin mutumin.

Wane ne shi, kuma a ina ya tashi?

An haife shi ranar 25 ga Oktoba, 1881, a Malaga, garin bakin teku a kudancin Sifaniya, cikin yankin Andalus. Garin ya yi ƙarnoni a hannun Musulmi kafin ya faɗi a 1487, kuma ganuwar fadarsu tana nan har yau a kan tudu, 'yar tafiya kaɗan daga dandalin da gidan su Picasso yake. Mahaifinsa, José Ruiz Blasco, malamin zane ne da aka sani da zana tattabaru. Mahaifiyarsa ita ce María Picasso López. A Sifaniya yaro kan ɗauki sunan gidan uba da na uwa, amma daga 1901 shi ya riƙa sa hannu da na uwar kaɗai.

Aikin koyarwa ya kai mahaifin A Coruña a 1891. A can ƙanwar Pablo, Conchita, ta rasu da ciwon mashaƙo a farkon 1895, tana da shekara 7. A wannan shekarar iyalin suka koma Barcelona, aka ɗauki yaron a ajin manya na makarantar zane ta La Llotja bai cika shekara 14 ba.

Ya iya zane na sosai kuwa, ko rashin iyawa ne ya sa yake karkata fuskokin mutane?

Ya iya, kuma shaidar tana rataye a bango. Yana da shekara 15 ya zana wani babban hoto mai suna Ilimi da Jinƙai: mace marar lafiya a kwance, likita na riƙe da hannunta yana duban agogo, a ɗaya gefen wata mai hidimar coci tana ɗauke da yaro tana miƙa mata kofi. Mahaifinsa ne ya zauna masa a matsayin likitan. Komai daidai yake, gemu, bargo, inuwar ɗakin, gajiyar da ke hannun matar. Hoton ya samu yabo a baje kolin ƙasa na Madrid a 1897, ya kuma ci lambar zinariya a Malaga. Duk wanda ke shakka ya nemi hotonsa ya gani da idonsa.

A 1897 ɗin aka tura shi babbar makarantar San Fernando a Madrid. Bai daɗe ba ya daina shiga aji, ya koma yini a gidan adana zane na Prado yana nazarin aikin manyan masu zanen da, El Greco da Velázquez. Malaman ba su da wani abin da za su ƙara masa a kwaikwayon abin da ido ke gani, ga kuma kyamara ta riga ta shigo tana yin wannan aikin cikin ƙiftawar ido. Tambayar da ta tsaya wa masu zanen zamaninsa ita ce: me hannu zai yi wanda kyamara ba za ta iya ba? Sauran rayuwarsa, shekara sama da saba'in, ya yi ta ne yana amsa wannan tambaya, yana sauya amsar duk bayan 'yan shekaru. Mutum na iya ƙin son inda ya dosa, wannan haƙƙinsa ne. Cewa bai iya ba ne dai ba za ta karɓu ba.

Me ya kai shi Faransa, kuma me ake nufi da zamanin shuɗi?

A lokacin Paris ce kasuwar zane ta duniya. Ya fara zuwa a 1900 tare da abokinsa Carles Casagemas. A watan Fabrairu na 1901 Casagemas ya harbe kansa a wani gidan shan shayi a Paris saboda wata mace da ta ƙi shi. Mutuwar ta taɓa Picasso ƙwarai. Daga ƙarshen wannan shekara har zuwa 1904 kusan duk abin da ya zana da shuɗin fenti ne: makafi, mabarata, tsoho mai kaɗa gita da ya ranƙwafa kamar zai karye, matan da ke tsare a gidan yarin Saint-Lazare da jariransu. Masu saye ba sa son rataye baƙin ciki a falonsu, don haka ya sha wuya. Akwai lokacin da suke raba gado ɗaya da marubucin waƙoƙi Max Jacob, ɗaya ya kwana da dare, ɗaya da rana.

A 1904 ya tare a Paris gaba ɗaya, a wani tsohon gini na katako a unguwar Montmartre da ake kira Bateau-Lavoir. Launinsa ya koma ja-ja mai taushi, yana zana masu wasan tsalle-tsalle da iyalansu. A nan attajirai irin su Gertrude Stein da ɗan'uwanta Leo, 'yan Amurka, suka fara sayen aikinsa.

Ana cewa daga Afirka ya samo salonsa. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya mai yawa a ciki, kuma wannan ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. A 1906 mai zane Bafaranshe Henri Matisse ya nuna masa wani ɗan gunkin itace na mutanen Vili daga Kwango. A 1907 ya shiga gidan tarihin Trocadéro, inda Faransa ke jibge kayan da aka kwaso daga ƙasashen da take mulka: fuskokin dodanni na itace, gumaka, kayan tsafi. Shekaru bayan haka ya gaya wa marubuci André Malraux cewa a ranar ya gane waɗannan fuskoki makamai ne da mutane ke tsare kansu da su daga abin da suke tsoro, kuma a nan ya fahimci dalilin da ya sa shi kansa yake zane.

A wannan shekarar ya gama Les Demoiselles d'Avignon, hoton mata biyar tsirara a gidan karuwai na wani titi a Barcelona. Jikinsu duk kusurwa ne kamar an sara da gizago, biyu na hannun dama kuma fuskokinsu irin na dodannin itace ne. Sauran ukun ya ɗauko kamanninsu daga tsofaffin sassaƙen dutse na Sifaniya. Abokansa ma sun firgita da suka gani, sai a 1916 aka fara nuna shi a fili. Yau masana da yawa daga nan suke fara ƙirga zanen zamani.

Abin bai tsaya nan ba. Gitar da ya haɗa da kwali a 1912 ta samo dabararta daga fuskar dodon mutanen Grebo na yankin Laberiya da Kwaddibuwa, wadda idanunta ke fitowa waje kamar bututu. Haka ya yi ramin gitar, ya fito da shi waje maimakon ya shige ciki. Ya mallaki babban sassaƙen Nimba na mutanen Baga daga Gini, ya kuma ci gaba da tara irin waɗannan kaya har tsufansa.

Duk da haka, akwai lokutan da ya musanta. A 1920 da wata mujalla ta tambaye shi ra'ayinsa kan fasahar baƙar fata, ya ce bai san ta ba. Daga baya ya riƙa cewa babu tasirin Afirka a hoton 1907. Nan ne abin ke yi mini ciwo. Masassaƙan da suka gano cewa ana iya taƙaita fuska zuwa layi uku ko huɗu ta fi ta gaske ƙarfi, sun yi hakan tun kafin a haifi kakan Picasso. Waɗanda suka kwaso kayan ba su rubuta sunayensu ba. An rubuta sunan ƙabila a ɗan kati, wani lokaci ma ba daidai ba, shi ke nan. Picasso ya ga abin da sauran Turawa suka kasa gani a cikin aikinsu, wannan hazaƙarsa ce. Amma bashi ne, kuma duk mai ba da tarihinsa wajibi ne ya ambata shi.

To ya taɓa zuwa Afirka?

Bai taɓa ba. Alaƙarsa da 'yan Afirka a Faransa ta ƙullu. Ya yi zane-zanen wani littafin waƙoƙin Aimé Césaire na Martinique a 1950, kuma zanensa ne a kan takardar sanarwar taron marubuta da masu fasaha baƙar fata na farko da aka yi a Paris a 1956. A watan Disamba na 1961 ya zana fuskar Djamila Boupacha, budurwa 'yar gwagwarmayar 'yancin Aljeriya da sojojin Faransa suka azabtar, domin taimaka wa masu fafutukar ceto ta. An sake ta a 1962. A 1972 Shugaba Léopold Sédar Senghor na Senegal ya karɓi baje kolin aikinsa a Dakar, aka kuma sake yin wani a birnin a 2022, inda aka jera zanensa kusa da sassaƙen Afirka.

Mene ne Kubizim?

Salo ne da suka ƙirƙira shi da Bafaranshe Georges Braque tsakanin 1907 da 1914. Tun ƙarni na 15 mai zane a Turai kan tsaya wuri ɗaya ya zana abu yadda yake gani daga nan. Su kuwa suka ce ba haka mutum ke sanin abu ba. Wanda ya san kwalba ya ga bakinta daga sama, zagaye ne. Ya ga gefenta, dogo ne. Ya ɗaga ta ya ga gindinta. Sai suka haɗa duk waɗannan gani a kan ƙyalle ɗaya, abin ya fito a farfashe. Fuskar nan mai hanci a gefe da idanu biyu a gaba daga wannan tunani ta samo asali: an nuna mutum ta gaba da ta gefe a lokaci guda.

Kusan kullum suna ziyartar juna, har ya kai ana kasa bambance aikin wannan da na wancan. A 1912 suka fara manna takardar jarida da ledar tebur da igiya a jikin zane, abin da ba a saba gani ba. Daniel-Henry Kahnweiler, dillali Bajamushe, shi ke saye yana kaiwa Jamus da Rasha da Amurka. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya raba su a 1914: Braque ya tafi fagen daga ya dawo da rauni a ka, Kahnweiler ya yi gudun hijira aka ƙwace kayansa. Picasso, da yake ɗan ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba ne, ya ci gaba da aiki.

Wai an taɓa zarginsa da satar Mona Lisa?

An yi masa tambayoyi a 1911, bayan an sace wannan shahararren hoto daga gidan tarihin Louvre na Paris, aka tsare abokinsa marubucin waƙoƙi Guillaume Apollinaire na 'yan kwanaki. Ba su da hannu. Wani ɗan Italiya, Vincenzo Peruggia, ne ya sace, aka kama shi a 1913. Sai dai Picasso yana da abin tsoro, domin a 1907 ya sayi sassaƙen dutse biyu da aka sato daga gidan tarihin Louvre ɗin. An mayar da su.

Me ya sa ake girmama Guernica haka?

A 1936 yaƙin basasa ya ɓarke a Sifaniya, Janar Francisco Franco ya tayar wa zaɓaɓɓiyar gwamnati. A watan Janairu na 1937 gwamnatin ta nemi Picasso ya yi mata babban zane domin rumfarta a baje kolin duniya na Paris. Ya yi wata uku bai samu bakin zaren ba. Ranar Litinin 26 ga Afrilu, ranar kasuwa, jiragen Jamus da na Italiya da ke taimakon Franco suka yi ta zuba bama-bamai a kan garin Guernica na yankin Basque har kusan awa uku. Gwamnatin Basque ta ce mutum 1,654 suka mutu. Masu bincike na baya sun rage adadin zuwa ɗaruruwa. Ko wanne aka ɗauka, fararen hula ne aka ƙona a garinsu.

Ranar 1 ga Mayu Picasso ya fara zanen da ke ɗauke da sunan garin, farkon Yuni ya gama. Tsayinsa kusan mita uku da rabi, faɗinsa ya kusa mita takwas, babu launi sai baƙi da fari da toka-toka, kamar hotunan jaridar da ya ga labarin a ciki. Babu jirgi a hoton, babu bam, babu tuta. Akwai uwa da ta ɗaga kai sama tana kururuwa da gawar ɗanta a hannu. Akwai doki da mashi ya soke, harshensa a waje kamar wuƙa. Mayaƙi a ƙasa da karyayyen takobi. Mace a cikin gidan da ke ci da wuta. Wata ta leƙo ta taga da fitila a hannu. Ga bijimi tsaye. A nan ne karkata jiki da farfasa shi suka nuna amfaninsu. Wuyan uwar nan ya fi na mutum tsawo, idanunta sun zame daga mazauninsu, kuma duk wanda ya taɓa ganin matar da aka gaya wa ɗanta ya mutu ya san hoton bai yi ƙarya ba. Da ya zana jiragen Jamus, da ya zama hoton rana ɗaya a gari ɗaya. Da ya bar su, ya zama na duk garin da aka yi wa haka.

Ya sa sharaɗi cewa ba za a kai shi Sifaniya ba sai 'yanci ya dawo. Zanen ya zauna a New York har 1981, shekara shida bayan mutuwar Franco, kuma tun 1992 yana gidan zane na Reina Sofía a Madrid. Akwai kwafinsa da aka saƙa a ƙofar zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Fabrairu na 2003, lokacin da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na wancan lokaci, ya je kare shirin yaƙin Iraƙi, an rufe shi da shuɗin labule.

Ɗan Sifaniya ne ko Bafaranshe?

Ɗan Sifaniya ya rayu, ɗan Sifaniya ya mutu. Zuwansa na ƙarshe gida a 1934 ne, domin ya ƙi taka ƙasar muddin Franco na mulki. Ya nemi zama ɗan Faransa a 1940 aka hana shi. 'Yan sanda suna da fayil a kansa tun 1901 suna zarginsa da hulɗa da masu adawa da hukuma. Ya zauna a Paris duk tsawon mamayar Jamus, an hana nuna aikinsa. A 1944 ya shiga Jam'iyyar Kwaminis ta Faransa, bai fita ba har ya mutu, ko da yake jam'iyyar ta soki hoton Stalin da ya zana a 1953. Farar tattabarar da ya zana ce aka sa a takardar taron zaman lafiya na Paris a 1949, daga nan ta bazu a duniya.

Yaya zamansa da mata da 'ya'yansa?

Babu daɗin ji. Ya yi aure sau biyu: Olga Khokhlova, mai rawa 'yar daular Rasha, a 1918, da Jacqueline Roque a 1961. 'Ya'yansa huɗu: Paulo, Maya, Claude da Paloma, daga mata uku. A 1927, yana da shekara 45 kuma da aurensa, ya fara neman Marie-Thérèse Walter tana da shekara 17. Da Marie-Thérèse ta yi ciki a 1935, Olga ta bar gidan, shi kuma ya ƙi yarda da saki don kada a raba dukiya, ta mutu a 1955 da igiyar aurensa a kanta. Dora Maar ƙwararriyar mai ɗaukar hoto ce, ita ta ɗauki hotunan Guernica mataki-mataki, amma duniya ta fi saninta da matar da ke kuka a zanensa. Ta samu taɓin hankali a ƙarshen zamansu.

Françoise Gilot, mai zane ce ita ma, ita ta tattara 'ya'yanta biyu ta tafi a 1953. Da ta wallafa labarin zamansu a 1964, ya yi ƙoƙarin hana fitar littafin a kotu ya kasa, sai ya huce a kan Claude da Paloma, ya daina ganinsu. Da ya mutu, an hana jikansa Pablito halartar jana'iza, yaron ya sha guba ya rasu bayan 'yan watanni. Marie-Thérèse ta kashe kanta a 1977, Jacqueline a 1986.

Wasu kan ce a raba mutum da aikinsa. A wurin Picasso hakan na da wuya, tunda matan nan su ne a cikin zanen, kuma salonsa kan sauya duk lokacin da mace ta sauya a gidansa. Hazaƙa ba ta wanke zalunci. Ina ganin daidai ne gidajen zane na yau da suka fara nuna aikin Maar da Gilot da sunansu, a matsayin masu fasaha.

Zane kaɗai ya yi?

A'a. Ya yi sassaƙa, ya yi bugu a kan tagulla da dutse, ya tsara kayan wasan dandamali, ya rubuta waƙoƙi. A 1942 ya haɗa sirdin keke da ƙahonsa ya fitar da kan bijimi. Daga 1947 ya shiga ginin tukwane a garin Vallauris na kudancin Faransa, ya yi dubbai. A tsufansa ya koma kan magabata: hoto 15 a kan zanen matan Aljiyas na Bafaranshe Delacroix tsakanin 1954 da 1955, da hoto 58 a kan Las Meninas na Velázquez a 1957. Kundin da Christian Zervos ya tattara na zanensa ya kai juzu'i 33, da aiki sama da 16,000.

Me ya sa zanensa ke da tsada haka?

Na ƙarshe cikin hotunan matan Aljiyas ya tashi a kan dala miliyan 179.4 a gwanjon Christie's na New York a watan Mayu na 2015. Wani hoton yaro da lofe na 1905 ya tashi a kan dala miliyan 104 a 2004. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: mafi kyawun aikinsa suna gidajen tarihi ba za su sake fitowa kasuwa ba, sunan ya zama jari da attajirai ke ajiye kuɗi a ciki, kuma akwai kundin da ke tabbatar da na gaske. Farashin labarin kasuwa ne. Ba kowane Picasso ne mai kyau ba. Mutumin da kan zana hoto biyu ko uku a rana dole ya bar na banza da yawa.

Yaushe ya mutu, kuma ina ake ganin aikinsa?

Ya mutu ranar 8 ga Afrilu, 1973, a Mougins, yana da shekara 91, yana aiki har kwanakinsa na ƙarshe. An binne shi a harabar gidansa na Vauvenargues. Bai bar wasiyya ba, rabon gadon ya ɗauki shekara shida. Wata dokar Faransa ta 1968 ta ba magada damar biyan harajin gado da zane maimakon kuɗi, da wannan aka kafa gidan tarihin Picasso na Paris da aka buɗe a 1985.

Mai son ganin ƙuruciyarsa ya nufi na Barcelona, wanda aka buɗe a 1963 da taimakon sakatarensa Jaume Sabartés. Ilimi da Jinƙai da jerin Las Meninas suna can. Na Malaga an buɗe shi a 2003. Les Demoiselles d'Avignon yana gidan zanen zamani na New York tun 1939. Duk waɗannan gidaje sun sa hotunan kayansu a shafukansu na intanet, ana iya buɗewa a waya a bi su shekara-shekara daga 1895 zuwa gaba.